Muna nema don iyali, amma iyalin ba su ganinmu

Malam Na Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna tsakani da Allah, ba don a ci zarafin kowa ba. Neman kuɗi ya fara cinye abubuwan da muke cewa dominsu muke neman kuɗin. Magidanci zai ce maka duk wannan fafutuka saboda iyalinsa yake yi, amma iyalin ba su ganinsa. Ya fita ana kiran assalatu, ya dawo yara sun yi barci, Asabar da Lahadi ma haka.

Ina koyarwa a firamare da safe, da yamma kuma a Islamiyya. In aka kira taron iyaye, mata ke zuwa, ko a turo yayan yaro wanda shi kansa a kula da shi ake buƙata. Akwai uban da ba ya taɓa jinkirta kuɗin makaranta, Allah ya saka masa, amma bai san ajin da ɗansa yake ba, bai san izu nawa ya kai ba, bai san da waɗanne yara yake yawo bayan la'asar ba. Haka zumunci. A da in aka yi rasuwa a Ƙofar Marusa, ɗan uwa da ke Ƙofar Guga zai rufe rumfa ya zo ya zauna a karɓi gaisuwa da shi. Yanzu sai kira a waya, sai alat ya biyo baya, an gama. Mu kuwa da zumunci a ƙafa yake aka raine mu. Tambayata, a ina ya kamata mutum ya tsaya ya ce neman nan ya isa haka na yau?

Alhaji Mai Shago:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta maka, maganarka da gaskiya a ciki, amma kai mai albashi ne. Ko ka je gaisuwar mutuwa ko ba ka je ba, ƙarshen wata abinka zai shigo. Mu 'yan kasuwa, ranar da ka rufe shago ka rufe bakin cefane. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta tsaya ba. Kuɗin dakon kaya daga Kano ya tashi, kayan da ka sayar yau in ka koma sari gobe kuɗin ba za su sayo maka irinsu ba. Kafin wannan ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023. Wanda ke ciyar da gida biyu, da mahaifiya, da 'ya'yan ƙanensa marayu, ba kwaɗayi ke zaunar da shi kasuwa har isha ba. Nauyi ne.

Maman Ummi:
Alhaji, ba wanda ya ce a zauna gida a naɗe hannu. Amma bari in faɗi yadda abin yake daga cikin gida, don ku maza daga ƙofar gida kuke kallonsa.

Lokacin da maigidana yake da rumfa ɗaya, tare muke cin tuwon dare. Yara su zagaye shi, ya tambayi wannan karatunsa, ya tsawata wa wancan. Ba mu da janareta, ba mu da mota, amma ni na san ina da miji, su kuma sun san suna da uba. Da Allah ya buɗa aka yi shago na biyu, aka fara zuwa Legas sari, sai muka koma ganinsa a waya. Ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba, kuma ina gode wa Allah. Sai dai babban ɗanmu ya kai shekarun da muryata ba ta tanƙwara shi. Na ga idonsa ya canja, na ga abokan da ban yarda da su ba, na faɗa wa uban, ya ce in bari ya dawo daga tafiya. Ya dawo a gajiye, ya ba yaron kuɗi ya ce ya riƙa jin magana. Kuɗin nan su suka ƙara ɓata lamarin. Sai da ƙanen mahaifinsa ya tsaya tsayin daka, kullum da magariba yana gidanmu, kafin muka shawo kansa.

Abin da ke mini ciwo, in mace ta yi wannan ƙorafi sai a ce ba ta da godiya. Me kika rasa? Har iyayenki haka za su tambaye ki. Ba ki da amsar da za ki nuna da hannu, tunda buhun shinkafa yana nan a sito. To hira fa? Shawara fa? A zauna a ji damuwarki fa? Waɗannan ba su cikin haƙƙin aure?

Matashin Ƙofar Ƙaura:
Mama, Allah ya ƙara haƙuri, amma ku iyaye mata ku ma ku duba naku ɓangaren. Saurayi ya je zance, tambayar farko me yake yi, ta biyu wace mota ya zo da ita. Lefe akwati kaza, waya kaza, dina, kamu, ankon ƙawaye. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, mu da yawa ko wannan ba mu samu. Ta ina za mu haɗa? Shi ya sa kuka ga samari sun kwana suna danna waya lokacin mainin, wato tara maki a manhajar waya da fatan a biya su da kuɗin kirifto. Da Notcoin ta fashe a 2024 wasu suka samu, sai kowa ya ruɗe, aka koma Hamster Kombat, aka yi watanni ana dannawa, da aka zo biya abin da yawancin mutane suka samu bai taka kara ya karya ba. Na san ɗalibai da suka zubar da jarrabawa a kan wannan. Ba mu muka ƙirƙiro son kuɗin ba, tarar da shi muka yi.

Maman Ummi:
Wannan kam ka faɗi gaskiya ɗana, ba zan kare mu ba. Uwa ta ga an kai wa 'yar maƙwabciya akwati goma sha biyu, ita ma sai ta ɗaga wa nata surukin hankali. Mu muke tura mazan kasuwa da gasar biki, mu kuma muke kukan ba su zama gida.

Direban Jibiya:
Ni direba ne, hanyar Katsina zuwa Jibiya na fara, yanzu har Kano da Abuja ina zuwa. Abin da Alhaji ya faɗi haka yake. An rufe boda a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta a hukumance ba sai Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa har Maris 2024. Mutanen da ke ci da hanyar Maraɗi sun ga tashin hankali. To amma akwai abin da ke faruwa a tasha wanda ba a son faɗi. Mai mota ya yanka maka balas, kuɗin da dole ka kawo masa, kai kuma kana son ka fitar da naka, sai ka ga mutum ya yi sawu kan sawu ba barci. Da me yake riƙe idonsa? Ƙwaya. Wasu ba don shaye-shaye suka fara ba, don su iya aiki suka fara, daga baya abin ya kama su. Haka 'yan acaɓa, haka masu dako. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramol na nan yana yawo. In aka yi haɗari sai a ce tsautsayi, alhali direban ya kwana biyu bai runtsa ba, kuma ba ransa kaɗai ya ɗauko ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya direba ka taɓo inda nake so in shiga. Mafi yawan magidantan da ake kawo mana da shanyewar ɓarin jiki ba su taɓa zuwa awon jini da ƙafarsu ba. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru jininsa na sama da 140 bisa 90 yana jin kansa garau, ciwon kai kaɗan ya sha farasitamol ya koma shago. Awon nan minti biyar ne, ko a kemis ana yi. In ka ce ya zo asibiti sai ya ce wa zai bar wa kasuwa. Ranar da ya faɗi kuwa, kasuwar a hannun yaran shago take komawa, abin da ya tara a magani da gashin ƙashi yake tafiya, matar da bai samu lokacin zama da ita ba ita ke juya shi a kan gado.

Kuma ba mai neman kaɗai abin ke ci ba. Ku tuna Zamfara a 2010. Mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Gubar dalma da ke cikin duwatsun ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Iyayen nan abinci suke nema wa 'ya'yan, ba mugunta suka nufa ba. Yanzu da haƙar zinariya ta bazu a yankinmu, duk wanda ke da ɗan uwa a wannan sana'a ya gaya masa kada ya shigo da dutsen ko kayan aikinsa cikin gida.

Alhaji Mai Shago:
To ai kin kawo hujjata Hajiya. Talauci ne ya sa su, ba son duniya ba.

Almajirin Malam:
Allah ya ƙara wa kowa lafiya. Ina ganin ana haɗa abu biyu ne wuri guda. Addini bai zargi nema ba. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina cewa ya yi a nuna masa kasuwa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. A Suratul Juma'a an ce in an kira salla a bar ciniki, in an idar kuma a bazu a nemi falalar Allah. Ka ga an ba nema lokacinsa, an ba abin da ya fi shi nasa lokacin.

Wanda aka zarga shi ne neman da ba shi da iyaka, wanda Suratut Takasur ta yi magana a kansa, gasar tarawa har mutum ya ziyarci kabari. Kuma hadisin Salman da Abud Darda ya dace da maganar Maman Ummi ƙwarai. Abud Darda ibada ce ma ta shagaltar da shi daga iyalinsa, azumi da tsayuwar dare, amma Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, jikinka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa, Annabi kuma ya gaskata Salman. In nafila ba ta zama uzurin tauye iyali ba, shago na uku ba zai zama ba.

Alhaji, ga ma'aunin da kowa zai iya gwada kansa da shi ba sai an gaya masa ba. Shekara biyar baya, nawa ka ce in ka samu hankalinka zai kwanta? Ka same su? Da ka samu, ka rage awa ɗaya a kasuwa, ko ƙara wa adadin ka yi? Wanda bai samu ba, nauyi ne ke kansa, Allah ya sauke masa. Wanda ya samu ya matsar da iyakar gaba, shi Malam yake nufi.

Badauri:
Gaisuwa daga Daura. Mu a nan abin da ya fi damunmu tafiya ce. Ci-rani tsohon abu ne, a gama girbi a tafi, kafin damina a dawo. Na yanzu ba shi da ranar dawowa. Matasa sun bi ta Kongolam sun wuce Zinder, Agadas, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya irin Jado tun da aka gano ta a 2014. A bar amarya da ciki, yaro ya yi wayo bai san fuskar ubansa ba. Mace na zaune, ba sakakkiya ba, ba mai miji ba, in ta kai ƙara a ce ba ta da haƙuri. Gonar gado kuma an jinginar an yi kuɗin mota.

A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mutanen yankin Kance ne, nan bayanmu kaɗan, Hausawa 'yan uwanmu. Na san Alhaji zai ce yunwa ce, kuma da yunwar a ciki. Amma mu da ke kusa mun ga yadda abin ke yaɗuwa. Mutum ɗaya ya dawo ya yi ginin siminti ya sa ƙofar ƙarfe, shekara mai zuwa rabin unguwa sun ɗaura niyya, har da masu hatsi a rumbu. Wanda ya dawo da kuɗi kowa ya gan shi. Waɗanda ba su dawo ba, iyayensu kaɗai ke ƙirga su.

Hajiya Kaka:
Jikata ke rubuta mani wanga saƙo. Ɗiyana, ku ji. Katsina garin fatauci ne tun kaka da kakanni, ba yau aka fara neman kuɗi ba. Ubanmu bafatake ne, yakan yi wata da watanni bai gida. Amma sa'annan gida babba ne, ga kaka, ga baffa, ga gwaggo, ga maƙwabci da zai iya hukunta ɗan wani ba a kai shi ƙara ba. In uba ya yi tafiya akwai masu tsare mashi baya. Yanzu kowa ya samu kuɗi sai ya tashi daga cikin gari ya koma bayan gari ya ja katanga mai tsawo, daga shi sai matarsa sai maigadi. Ya fita nema, gidan ba babba ko ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to wa zai tanƙwara?

Mu tsofaffi kuma ana aiko muna da kuɗi, Allah ya yi albarka. Amma ni da ɗana ya aiko direba da buhu, gara ya zo da kansa hannu wofi ya zauna in ga ko ya rame.

Matashin Ƙofar Ƙaura:
Allah ya ƙara wa Hajiya nisan kwana. Wannan maganar ta shige ni.

Baban Walid:
Akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, kuma a ganina shi ne tushe. Mun daina tambayar ina aka samo. Yaro ba sana'a ba aiki, ya wayi gari da mota, uba ya karɓi kujerar Makka, unguwa ta koma kiransa Alhaji, a masallaci a matsa masa a sahun gaba. Malamin makarantar da ya shekara talatin yana koyarwa kuwa ko a ɗaurin aure sai ya nemi inda zai raɓa. Yara na kallo, sun kuma gane darasin. Shi ya sa MMM, tsarin zuba kuɗi na damfara a intanet, ta kwashe kuɗin mutane a ƙarshen 2016, ba mu daddara ba, irinta CBEX ta sake kwashewa a Afrilun 2025. Har mutanen da suka san hukuncin riba suka zuba, saboda an ce kuɗi zai ninka cikin wata guda.

Mafi muni, ku dubi abin da ke faruwa a Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Jibiya. Ɗan bindiga daga daji bai san wanda ya sayar da shanu jiya ba, bai san gidan da ɗansu ya turo kuɗi ba. Wani na cikin gari ke faɗa masa, wanda wataƙila tare suka yi sallar isha. Infoma maƙwabcinsa yake sayarwa. In son kuɗi ya kai mutum nan, ba zaman gida kaɗai ya ci ba.

Alhaji Mai Shago:
Baban Walid, a nan kam ba mu da saɓani. Amma don Allah kada a haɗa ɗan kasuwar da ke neman halak da infoma a magana ɗaya. Kuma a riƙa tunawa, masallatan unguwa, rijiyoyin burtsatse, kuɗin asibitin marasa ƙarfi, buɗa-bakin azumi, daga aljihun waɗannan da ake cewa ba su zama gida suke fitowa. Ranar da aka kwantar da wani, ba wanda ake bugawa waya sai mai shago.

Baban Walid:
Ban haɗa ba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Cewa na yi girmama kuɗi ba tare da tambaya ba shi ke haifar da wancan. Ku masu neman halak ku ya fi cuta ma, tunda an daina bambanta ku da su.

Malam Na Ƙofar Sauri:
Na gode wa kowa. Alhaji, ba na musun alherin 'yan kasuwa, ni kaina allunan Islamiyyarmu wani mai shago ya saya. Amma ka lura, duk abin da ka lissafa abu ne da kuɗi ke iya yi. Wanda Maman Ummi da Hajiya suke nema kuɗi ba ya yinsa, kuma ba a wakilta shi. Za ka iya tura yaro ya kai zakka, ɗaya bisa arba'in, ta isa inda za ta. Ba za ka iya tura yaro ya zama uba a madadinka ba. Shekarun da ɗa ke sauraron ubansa kaɗan ne, daga ya fara wayo zuwa ya balaga. Kasuwa tana nan bayan wannan, shekarun ne ba su dawowa.

Ba cewa nake a rufe shago da azahar ba. Ko tsakanin magariba da isha mutum ya tsare a gida, waya a aljihu, a ci abinci tare, ya buɗe jakar makarantar yaro ya ga abin da ke ciki. Juma'a bayan an sauko a leƙa iyaye da dangi. Sau ɗaya a zango ya zo makaranta da ƙafarsa. Mu malamai mun san bambancin yaron da ubansa ke leƙowa da wanda ba a leƙowa, ko a zaman aji ana gani.

Alhaji Mai Shago:
Magariba zuwa isha lokacin ciniki ne a wurin masu kayan masarufi, Malam, sa'annan ma'aikata ke biyowa su yi cefane. Matsalar ita ce amana. Da akwai yaron da zan bar wa aljihun shago in tafi hankali kwance, da na daɗe ina yi. Kusan duk ɗan kasuwar da ka tambaya yana da labarin yaron da ya karya shi.

Maman Ummi:
To Alhaji ba ga 'ya'yanku ba? Ku ja su shagon mana bayan Islamiyya, ranar Asabar su wuni tare da ku. Ya koyi ciniki, ka san halinsa, ya san naka. Iyayenmu ai haka suka yi. Ku kuka ce ɗan Alhaji ba ya zaman kasuwa sai boko kaɗai, kuka bar shi da waya da makullin mota.

Direban Jibiya:
Wannan shawara ta yi wa masu shago. Mu da ofishinmu ke kan taya fa? Ba zan ɗauki yaro in bi hanyar Funtuwa da shi da dare ba. Abin da nake ganin zai taimake mu shi ne shugabannin tasha su hana wanda ya sauka daga doguwar tafiya sake yin lodi sai ya kwana, masu motoci kuma su rage balas ya yi daidai da tsadar mai. In ba haka ba, ko na so in kwana gida, wani zai karɓi layina, mai motar kuma ya karɓi makullinsa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku kai maganar taron ƙungiyarku Yaya, ku nemi a riƙa zuwa tasha ana yi muku awon jini da na sukari ko sau ɗaya a wata. Abin awon ba shi da tsada, ƙungiya za ta iya saye ta ajiye a ofis, a koya wa mutum biyu yadda ake amfani da shi.

Alhaji Mai Shago:
Maman Ummi, babban nawa yana aji biyar na sakandare, na biyun yana aji biyu. Zan fara da ƙaramin ranar Asabar, babban sai an gama jarrabawa. Amma maganar rufe shago da magariba, Malam, har yanzu ban yarda ba. In dai ba duk layinmu za a rufe tare ba, wanda ya rufe shi kaɗai kwastomominsa ya raba wa maƙwabta.